Ranar da Haladu Ya Wanke Babur Ɗin Ƙanƙara

Wani mutum ne ana ce masa Haladu Injiniya. Injiniyan nan ba makaranta ce ta ba shi ba, ba kuma wani ubangida ne ya yaye shi ya raɗa masa ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya bi mutane da shi har suka gaji suka karɓa. Abin da aka sani tabbas, ɗan Malumfashi ne, ya yi acaɓa shekara huɗu a Kano, ya kuma zauna wata takwas a rumfar wani bakanike yana miƙa sifana. Miƙawa kawai. Ko noti ɗaya ba a taɓa sakar masa ya ɗaure ba.

Amma ku same shi a majalisa! In mota ta wuce, sai ya karkata kunne, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Wannan ba za ta kai Laraba ba." Ya ce shi inji ko tari ya yi ya san ciwonsa. Ya ce ya taɓa gyara tirela a hanyar Funtuwa da igiyar takalmi da tsinken tsintsiya. Ya ce akwai ranar da jirgin ƙasa ya mutu a Zariya, aka rasa mai tayar da shi, sai da aka aika masa da mota. Namiji da gemunsa, yana zuba ta ko ƙifta ido ba ya yi.

Matarsa Zulai ma'aikaciyar jinya ce, mace mai kamun kai. Ita ta samu aiki a wani ƙaramin gari can ƙasar Kanada, ta ɗauko shi suka tafi. Shi kuwa in ya tashi ba da labari, Turawa ne suka ji labarin hannunsa suka aiko da takarda. Aikin da yake yi a can, tura kwalaye a sito.

Hausawan garin ba su fi gida goma sha biyu ba. Kowace Juma'a bayan an sauko, maza kan taru a falon Nafi'u su sha shayi. Nafi'un nan shekararsa goma sha huɗu a ƙasar, yana da akori-kura, yana da haƙuri, kuma shi kaɗai ne Allah ya hore wa iya sauraron Haladu har ya kai aya.

To sai sanyi ya shigo. Ba irin namu ba. Sanyin da in ka tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Dusar ƙanƙara ta rufe gonaki fari fat. Ran nan suna shan shayi sai ga wani abu ya keto ta bayan gida, fuuu, yana feshin ƙanƙara, mutum a kai ya duƙa.

Haladu ya miƙe zumbur ya leƙa taga. "Wannan fa?"

Nafi'u ya ce, "Babur ɗin ƙanƙara ke nan. Ba shi da taya. Gaba takalma biyu ne dogaye masu sulɓi, baya kuma sarƙar roba irin ta katafila."

"Na sani mana," in ji Haladu. "So nake in ji ko kai ka sani."

Aka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Injiniya, wannan dai ba ka taɓa hawa ba."

"Ni? Babur ai babur ne. Wanda ya goya mace biyu da buhun gawayi da akuya daga Kurna zuwa Sabon Gari ana ruwa, wannan abin wasan yara ne zai gagare shi? Ku ba ni sati biyu."

Da ya bar ta nan, da shi ke nan. Amma bakinsa ya riga ya ɗaure shi. Abin hawan da ba ya ɗaukar buhun masara, ba ya kai mara lafiya asibiti, wata bakwai a shekara yana kwance a ɗaki kamar majinyaci, mai hankali me zai yi da shi? Ga matarsa da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Haladu bai duba wannan ba. Ya matsa wa Nafi'u sai da ya samo masa labarin wani tsohon Bature manomi, Godin suke ce masa, da ke da gona can bayan gari, yana kiwon tumaki, yana kuma son rabuwa da tsohon babur ɗinsa.

Suka je. Godin ya buɗe rumbu ya janye tamfol. Ga babur nan, ja, fentin ya koɗe, sirdi ya tsage gefe guda.

Haladu ya naɗe hannun riga ya shiga duba kaya irin yadda ya ga ana yi a kasuwar babura. Ya zagaya sau uku yana neman tayar da zai shura. Babu. Don kada ƙafar da ya ɗaga ta dawo a banza, sai ya shuri takalmin gaba. Gwaf! Ƙarfe ne a ƙasansa. Ya haɗiye ihu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Madalla. Yana da ƙwari."

Ya tsoma yatsa a baƙin mai ya ɗanɗana. Ya kara kunne a jikin inji tun ba a tayar ba. Godin ya dubi Nafi'u. Nafi'u ya dubi rufin rumbu.

Godin ya ja igiya, inji ya tashi, tar-tar-tar.

"Ka gani?" in ji Haladu. "Janareta ne aka ɗora wa sirdi."

Ya haye, ya kama hannu ya murɗa don ya ba da wuta. Shiru. Ya sake murɗawa har robar ta yi ƙara. Shiru. Godin ya matso a hankali, ya nuna masa wani ɗan harshe a ƙarƙashin babban yatsa, ya ce nan ake dannawa.

Haladu ya ce, "Gaya masa robar nake gwadawa."

"Ai yana jin Turancinka," in ji Nafi'u. "Gaya masa da kanka."

Aka daidaita. Tsohon nan mutumin kirki ne. Ya ɗauko littafin babur ɗin, duk ya sha baƙin mai, ya miƙa. Haladu ya ture. Godin ya ce to bari ya gaya masa abu biyu uku da baki, tunda wannan ne na farkonsa. Ya fara, "In za ka ajiye shi a waje cikin sanyi, kada ka kuskura ka..."

"Yes, yes," in ji Haladu, yana dafa kafaɗarsa. "Nafi'u, tsohon nan zai koya mini inji. Ni!"

Suka ɗora a akori-kura suka kawo gida, aka tura shi gareji.

Daga ranar Haladu ya shiga kula da babur. Kulawa irin ta ɗan acaɓa. Ya yanko kafet mai laushi ya lulluɓe sirdi. Ya ɗaura madubi biyu. Ya rataya carbi. Ya naɗe hannaye da ƙyalle mai tuntu. Kullum safiya sai ya shiga gareji ya buɗe ƙofa, ya ja igiya, ya danna wuta, vuum, vuum, har maƙwabta su leƙo. Ya kashe. Ya goge. Ya hau ya sa baƙin tabarau a ɗauke shi hoto, ya aika Malumfashi.

Fita da shi fa? Ai nan gizo ke saƙar. Ranar farko da ya danna wuta da ɗan ƙarfi, babur ya yi tsalle guda ya tunkuyi injin wanki. Tun daga nan wani tsoro ya shige shi, bai gaya wa kowa ba. Babur bai ƙara motsawa daga inda yake ba.

A majalisa kuwa, har ya tsallake tafki da shi. Ya yi tsere da barewa, barewar ta gaji ta zauna. Wani ɗan sanda ya tsayar da shi, ba don laifi ba, don kawai ya tambaye shi inda ya koyi tuƙi.

"Yaushe duk aka yi wannan?" in ji Nafi'u. "Kullum na wuce ban ga sawu a ƙofar gidanka ba."

"Iska ce ke sharewa."

Ana nan Zulai ta sauka lafiya, namiji. Uwarta Hajiya Atine dama ta iso daga gida tun sati biyu kafin nan, don wankan jego. Tsohuwa ce doguwa, ba ta dariya sai da dalili. Ta zo da buhun busasshen ganyen darbejiya da kanwa da gero, ta tsaya a filin jirgi ta yi musu da masu bincike har suka ga gara su bar ta. Tsakaninta da Haladu akwai kunyar surukai: ba ta kama sunansa, ba ta kallon idonsa. In tana da magana da shi, sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa maigidan." Shi kuma ya daɗe da sanin ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ya taɓa jinta tana ce wa 'yarta, "Mijin naki ina yake ajiye bakin nan in zai kwanta?"

Ragon suna, wajen Godin aka saya. A ƙasar ba a yanka a ƙofar gida, sai a gona. Ke nan ranar suna da safe dole a kai liman gonar, ya yanka, ya ambaci sunan yaro, a dawo da nama mata su ɗora. Saura kwana uku sai ƙanƙara ta sauko kamar da gayya, dare da rana, ta toshe hanyar gonar ruf. Mota ba ta shiga. Godin ya bugo waya ya ce kada su damu, zai turo wani babur ɗin ƙanƙara a ɗauki liman.

Hajiya Atine ta fuskanci bango. "A gaya wa maigidan ya karɓi tayin Baturen. Jikana ba zai wuce kwana bakwai ba a zubar masa da jini ba."

Haladu ya ga dama ta samu. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, murya a sama. "A gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Ga babur a gida za a roƙi Bature? Ni zan goya Malam da kaina, ta cikin gonaki. Kafin ruwan wanka ya tafasa mun dawo da nama."

"A tambayi maigidan ya tabbata?"

"A gaya wa Hajiya, in ban kai Malam ba, kada a ƙara kirana Injiniya."

"A gaya masa dama ni ban taɓa kira ba."

Ya buga wa Godin ya ce ba a buƙata.

Ranar suna Haladu ya tashi tun asuba. An shimfiɗa darduma a gareji don zaman maza, saboda haka dole babur ya fita. Ya hau, ya yi bisimilla, ya taɓa wuta kamar mai taɓa kunama. Babur ya yi tsalle, ya tsaya, ya yi tsalle, ya tsaya, har ya kai ƙofar gida. Taku goma. Tafiya mafi nisa ke nan da ya taɓa yi a kansa. Da ya ga bai mutu ba, sai ƙarfin hali ya dawo masa.

Ya tsaya ya dube shi. Ƙura a jiki, ɗigon mai a gefe. A garinsu wa ke fita da abin hawa ranar taro bai wanke ba? Ko ɗan acaɓan da bai karya ba sai ya wanke babur. Haladu ya shiga ya taro ruwan zafi a famfo, bokiti guda, ya zuba omo. Ya wanke sama, ya wanke ƙasa, ya wanke sarƙa da buroshi haƙori-haƙori. Ya ɗauraye. Ya sake tarowa. Bokiti tara ya juye wa babur ɗin nan, har ruwan zafin gidan ya ƙare ƙaf.

Daga ciki aka ji murya. "A tambayi maigidan wa ya shanye ruwan zafin famfo? Da me maijego za ta yi wanka?"

Ya yi kamar bai ji ba. Tsohuwa ta yi tsaki, ta jawo babbar tukunya ta cika, ta zuba ganyen darbejiya, ta ɗora a wuta.

Da gari ya waye, Haladu ya fito cikin babbar riga ta shadda fara, ta sha aiki, a ƙarƙashinta rigunan sanyi uku. Ya dubi babur, ya riƙe baki. Yana ƙyalli! Ƙyal-ƙyal kamar an zuba masa gilashi. Ko sabo bai kai shi sheƙi ba. Bai tsaya ya tambayi kansa mene ne ke sheƙin ba.

Mutane suka fara isowa. Kowa ya zo sai ya tsaya. "Kai, Injiniya! Wannan ai sabo ne."

"Kulawa ce," in ji Haladu. "Inji kamar doki ne, sai wanda ya iya."

Nafi'u ya iso tare da liman, Malam Zakari, ɗan siririn dattijo, ya naɗe da rawani har ido, wuƙarsa a cikin jaka. Nafi'u ya ga babur ya ja ya tsaya. Ya duƙa ya ƙwanƙwasa ƙasa da ɗan makulli. Ƙwas, ƙwas.

"Haladu. Wanke shi ka yi?"

"Da omo."

"A nan? A waje?"

"To a gado zan wanke shi?"

"Inna lillahi. Bokiti nawa?"

"Kai dai ka cika tambaya. Malam, bisimilla, hau."

Malam Zakari ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya zauna. Ya zabura. "Subhanallahi! Wannan sirdi ne ko dutse?"

"Zai yi laushi in mun fara tafiya."

Haladu ya kama igiya ya ja. Ƙiƙam. Ya sa hannu biyu. Ƙiƙam. Ya taka ƙafa ya fizga da ƙarfin tsiya, ƙanƙara ta fashe, ɓas, ya tafi da baya ya zauna daɓas a ƙasa, hula ta yi nata wuri. Ya tashi ya kakkaɓe ya ce haka ake yi. A ja na goma sha ɗaya inji ya yi tari ya kama. Maza suka yi shewa. Mata suka cika taga.

Ya haye gaban Malam, ya gyara hula, ya ɗaga wa taga hannu. "Malam, riƙe ni da kyau. Kada ka ji tsoro in ka ga bishiyoyi na gudu."

Ya danna wuta. Vuuuum!

Babur bai motsa ba.

Ya ƙara. Vuuuuuum! Inji na kururuwa, jiki na karkarwa, tuntun hannu na rawa. Ko taku. Ruwan bokiti tara ya bi sarƙa ya sauka, ya daskare, ya haɗe babur da ƙasa kamar an dasa shi da siminti. Sai ga baƙin hayaƙi, sai warin roba.

Malam Zakari, da ya runtse ido tun ɗazu yana salati, ya buɗe ɗaya. Ya ga ƙofar gidan da ya baro tana nan inda take. Ya ce, "Injiniya, mun dawo ne ko ba mu tafi ba?"

Aka fashe da dariya har wani ya riƙe ciki. Malam ya sulale ya sauka.

"Bari in kira Godin," in ji Nafi'u. "Rana na yi."

"Kada ka kira kowa! Ƙanƙara ce kawai. Maganin ƙanƙara ai ruwan zafi."

"Haladu, ruwa ne ya kawo..."

Ina! Ya riga ya zaga ta bayan gida. Famfo ba zafi. Ya leƙa kicin: ba kowa, tsohuwa ta shiga ɗaki shirya jariri. Ga tukunya na tafasa, ɓul-ɓul, ganye na juyawa. Ya ɗan tsaya. Ya san ruwan wane ne. Amma maza na jira a waje, mata na kallo ta taga. Ya sa gefen babbar riga ya sunkuci tukunyar, ya fito da ita yana tangaɗi.

Ya kwarara a sarƙa. Ya kwarara a matakan da ake ɗora ƙafa. Sauran ya juye a kan kafet ɗin sirdi don Malam ya daina ƙorafi. Tururi ya tashi ya rufe wurin, unguwa ta game da warin darbejiya. Ya yar da tukunya, ya yi wuf ya haye, ya zauna daram a kan jiƙaƙƙen kafet. Gefen rigarsa, hagu da dama, ya zuba cikin ruwan matakai ya jiƙe sharkaf.

"Yanzu ku gani!"

Ya danna wuta har ƙarshe. Inji ya yi wani irin kuka. Fat! Bel ɗin da ke juya sarƙa ya tsinke. Inji ya yi gunji, ya yi tari biyu, ya mutu murus.



To a nan ne mai hankali zai sauka, ya ce jama'a na yi kuskure, a taimaka. Da ya sauka a lokacin, da wandonsa ne kawai ya jiƙe. Amma Haladu ne. Ya gyara zama, ya harɗe hannu, ya shiga bayani.

Ya ce bel ɗin jabu ne, tun ranar da ya saya ya ji shi a kunne. Ya ce Baturen ya cuce shi, shi dai ya yi shiru ne don girman furfura. Ya ce man ƙasar nan ruwa-ruwa ne, ba kamar na Kano ba. Ya kawo labarin tirelar Funtuwa tun daga farko. Ya kawo na jirgin ƙasa. Ɗumin da ke ƙarƙashinsa ya tafi, sanyi ya maye gurbinsa, bai kula ba, baki na aiki. Nafi'u kuwa tuni ya koma gefe ya buga waya.

Yana cikin bayanin yadda zai ɗinke bel da zaren lilo, sai aka ji fuuu daga gonaki. Wani babur ya keto, yana jan ɗan akwatin zama a baya, ya yi kwana a gaban gida, ya tsaya cak. Mai tuƙi ya cire hular kwano. Farin gashi ya zubo. Matar Godin ce, tsohuwa tukuf, ta haura saba'in, da tabarau a hanci. Ta yi murmushi ta tambaya wane ne liman.

Malam Zakari bai jira an nuna shi ba. Ya shige akwati ya rungume jakarsa.

"Tsaya!" in ji Haladu. "Ai ni ne uban yaro, da ni za a tafi."

Ya yunƙura. Bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa. Wando ya kama kafet, kafet ya kama sirdi, babbar riga ta kama matakai hagu da dama, ta sandare kamar kwanon rufi. Ga ganyen darbejiya manne ko'ina, har a gwiwarsa.

"Nafi'u," ya ce ƙasa-ƙasa. "Zo mana."

"Me ya faru, Injiniya?"

"Ɗan ja ni."

"Ɗaga murya, ban ji ba."

"Ka ja ni, don Allah!"

Maza huɗu suka kama shi, biyu a hannu, biyu a ƙugu. Ɗaya, biyu, uku! Haladu ya ƙwalla ƙara. Bai ɓanɓaru ba. Dariya ta hana su sake gwadawa.

Malam Zakari ya leƙo daga akwati. "To faɗi sunan yaron mu tafi, rana na yi."

Haladu ya buɗe baki. Haƙora suka ce kaf-kaf-kaf. "I... I... Is..."

"Isa?"

"Is... kaf-kaf..."

"Isiyaku?"

"Isma'ila," aka ce daga bakin ƙofa.

Kowa ya juya. Hajiya Atine ce, lulluɓe da bargo. Ta dubi tukunyarta a kife cikin ƙanƙara. Ta dubi ganyenta da ta ɗauko tun daga gida, ta yi faɗa a kansa a filin jirgi, ga shi a baje a jikin babur. Ba ta dubi surukinta ba.

"Malam, a je a yanka. Nafi'u, bi shi ka tsaya a madadin uban."

Nafi'u ya haye bayan matar Godin. Fuuu, suka ɓace cikin gonaki.

Tsohuwa ta koma ciki, ta fito da almakashi da zane. Maza suka dare. Ta zo ta tsaya, fuskarta na kallon bangon gareji.

"A gaya wa maigidan kada ya motsa."

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ta bi shaddar nan ta zagaye ta tas, ta bar gindin rigar a tsaye jikin babur. Ta jefa masa zane a ka, har yanzu ba ta dube shi ba.

"A gaya masa wandon kuma shi zai kwance da kansa. Wannan ba aikina ba ne."

Haka Haladu ya kwance mazagi a gaban jama'a, ya zare ƙafa ɗaya, ya zare ɗaya, ya ɗaura zanen atamfa a ƙirji, ya ruga cikin gida tiɓi-tiɓi, wando na zaune a sirdi shi kaɗai kamar mai jiran fasinja.

An yanka rago a kan lokaci. Kafin azahar nama ya iso a akwatin matar Godin, ƙamshin suya ya cika gida. Zulai ta yi wankanta da sabon ruwa, ta ci ado, ta fito tsakar mata tana karɓar baƙi kamar ba ita ta haihu ba.

Haladu kuwa yana falo kusa da na'urar ɗumama ɗaki, don ɗakin kwana ya cika da kayan barka. An naɗe shi da zane da bargo biyu, ƙafafu a cikin roba da ruwan ɗumi, jiki sai ƙamshin darbejiya. Zulai ta ce kada a bari cikinsa ya zauna ba ɗumi, abin da ke kan wuta kuwa kunun kanwa ne, sai aka cika kofi aka danƙa masa. Yana kurɓa yana rawar ɗari.

Sai ga ayarin mata daga garin da ke gaba, ba su san abin da ya faru ba. Suka yi sallama suka shigo da turamen atamfa da sabulai. Ta gabansu ta ce, "Hajiya, barka da arziki. Ina maijegon?"

Hajiya Atine ta nuna kusurwa da haɓa.

"Ga ta can. Ita ta yi wankan safe, ita ke shan kunu. Ku yi mata sannu a hankali, ta sha wuya."